Del pane, pane ko tanticchia di pani: wanne mai koyon Italiyanci a Sisiliya zai riƙe?

Duk wanda ya shiga ajin koyon Italiyanci, tun a makonnin farko ake ba shi kalmomi bakwai ya haddace: *del, dello, dell', della, dei, degli, delle*. Malami zai ce da su ake ambaton abin da ba a ƙayyade yawansa ba, kamar *del pane* ga burodi, *dello zucchero* ga sukari, *dell'olio* ga mai, *degli amici* ga wasu abokai. Ɗalibi ya sha haddarsa, ya fita kasuwar Ballarò a Palermo ko kasuwar kifi ta Catania, sai ya wuni bai ji mai sayarwa ko mai saye ya furta su ba. Littafin bai yi ƙarya ba. Abin da ya faru shi ne a tsibirin Sisiliya, da ke kudancin Italiya, magana hawa uku ce: akwai daidaitaccen Italiyanci na makaranta da takardun hukuma, akwai Italiyancin yankin wanda mutane ke yi da baƙo da likita da mai gidan haya, sannan akwai Sisiliyanci, harshen gida da kasuwa. Kowane hawa da yadda yake nuna cewa abin da ake magana a kai ba sananne ba ne ko ba a san yawansa ba.

Shawarar a taƙaice ita ce mai koyo ya gina maganarsa a kan suna tsurarsa, watau suna ba tare da komai a gabansa ba, da *un po' di* (ɗan kaɗan na), da *alcuni* ko *qualche* (wasu). Waɗannan suna ci a ko'ina, daga Trapani har Milan. Jerin *del* da *dei* ya san su sosai don karatu da jarrabawa, amma ya ajiye su ga wurare ƙalilan da suke da aiki na gaske. Siffofin Sisiliyanci kuwa kunne ya fi baki bukatarsu. Dalilan suna cikin yadda kowace hanya ke aiki da inda take karyewa.

Tilo ba shi da wahala. Italiyanci yana da *un, uno, una, un'*: *un cane* kare, *uno studente* ɗalibi, *una casa* gida, *un'ora* awa guda. Sisiliyanci yana da *un* ko *nu* ga namiji, *na* ga mace, *n'* a gaban wasali: *un cani, nu studenti, na casa, n'amicu*. Rikicin yana farawa ne da jam'i da kuma abin da ake aunawa ba ƙirgawa ba, irin ruwa da gari da mai da nama. Latin, uwar harsunan biyu, ba ta da waɗannan ƙananan kalmomi na gaban suna ko kaɗan. Harsunan da suka fito daga gare ta kowanne ya ƙera nasa, kuma haɗin *di* da *il* da ya haifi *del* ya kafu ne a Faransa da arewacin Italiya da Toscana, bai sauko kudu ba. Babban kundin taswirar kare-karen Italiya da Karl Jaberg da Jakob Jud suka wallafa tsakanin 1928 da 1940, wanda Gerhard Rohlfs ya tattaro masa bayanan kudu, ya nuna wannan rabuwa. Anna Cardinaletti da Giuliana Giusti na jami'ar Ca' Foscari da ke Venis sun sake bibiyar taswirorinsa a kan jimlolin da suka ƙunshi ruwa, giya da furanni, suka fitar da hanyoyi huɗu: suna tsurarsa, suna da mafayyacin sananne (ƙaramar kalmar gaban suna irin *il* da *la*), *di* ita kaɗai, da *di* haɗe da mafayyaci. Ta uku tana arewa maso yamma wajen iyakar Faransa, ta huɗu ta fi ƙarfi a Emilia da kewaye, Sisiliya kuwa ƙasar suna tsurarsa ce.

Suna tsurarsa

Basisile yana cewa *accattai pani e pisci*, na sayi burodi da kifi, babu komai a gaban sunayen. Idan ya juya zuwa Italiyanci yakan ɗauko tsarin nan: *ho comprato pane e pesce*. Wannan jimla daidai ce a daidaitaccen harshe, babu malamin da zai ja mata jan biro. Bahaushe ma haka yake magana, don haka hanyar ba ta bukatar hadda.

Ta fi ƙarfi a wurare uku. Na farko sana'a da ɗabi'a: *vendo scarpe* na nufin takalma nake sayarwa, sana'ata ke nan, alhali *vendo delle scarpe* na nufin akwai wasu 'yan takalma da nake son rabuwa da su. Wanda aka tambaya aikinsa a ofis ya ba da amsa ta biyu, ya faɗi abin da bai yi niyya ba. Na biyu korewa: *non mangio carne di maiale*, ba na cin naman alade, *non bevo alcol*, *non ho figli*, ba ni da 'ya'ya. Na uku bayan *di*, inda dole ce ma, domin Italiyanci bai yarda *di* ta bi *di* ba: *ho bisogno di soldi*, ina bukatar kuɗi. Babu *di dei soldi* a bakin kowa.

Korewar nan tana da tarko da ya kamata a tsaya a kansa. *Non ho trovato errori* na nufin ban ga kuskure ko ɗaya ba. *Non ho trovato degli errori* kuwa mai saurare zai iya fahimtarta a kan cewa kurakurai suna nan, wasu ne suka kuɓuce mini. Dalili shi ne *degli* tana iya nuni ga wasu abubuwa takamaimai da ke akwai, sai korewar ta faɗa kan aikin nema kawai. Suna tsurarsa ba ya iya wannan, kullum yana ƙarƙashin korewar. Mai duba kaya a sito ko mai lissafin kanti da ya ƙara *degli* don jimlarsa ta yi kama da ta littafi, ya juya rahotonsa.

Inda hanyar ke karyewa wuri biyu ne. Suna tsurarsa ba ya zama a farkon jimla a matsayin mai aikatawa. *Ragazzi ti cercavano* ba Italiyanci ba ne. Sai an ce *dei ragazzi ti cercavano* ko *alcuni ragazzi ti cercavano*, wasu samari suna nemanka. Bayan aikatau irin na zuwa da fita kuwa yana zama lafiya: *sono arrivati turisti*, *esce acqua dal muro*, ruwa na fita daga bango. Wuri na biyu shi ne aikin da aka ce an kammala cikin wani lokaci. Ma'aikacin gonar lemo a filayen Catania yana iya cewa *ho raccolto arance per tre ore*, na yi awa uku ina tsinkar lemo. Idan ya sauya *per* da *in*, watau ya gama cikin awa uku, jimlar ta gurgunce, saboda suna tsurarsa ba shi da iyaka, kuma ba a gama abin da ba shi da iyaka. Sai ya sa adadi: *ho raccolto dieci cassette di arance in tre ore*, akwati goma cikin awa uku.

Il da la inda Bahaushe bai zata ba

Littattafan koyo ba su cika jan hankali kan wannan hanya ta sa *il* ko *la* a gaban abin da ba sananne ba, alhali a baki ta fi *del* yawa nesa ba kusa ba. Mutum zai ce *vado a comprare il pane*, ko a Sisiliyance *accatta u pani*, ba tare da an taɓa ambaton wani burodi ba. Mai jin Hausa yakan fassara *il pane* a ransa da "burodin", ya shiga tunanin wane burodi ake nufi, domin a Hausa *-n* da *-r* da *ɗin* suna komawa ga abin da aka riga aka sani. A nan ba haka ba ne. Burodi ne kawai, irin wanda kowane gida ke saye kullum. Hanyar tana tafiya da abubuwan yau da kullum da ayyukan da aka saba: *il latte*, *la pasta*, *le sigarette*, *il caffè*. Ba ta dace da abin da ke sabon labari ba; wanda ya ga ɓeraye a ɗakin girki karo na farko zai fi cewa *ci sono topi* ko *dei topi*. Bayan *mi piace* kuwa dole ce: *mi piace il pesce*, ina son kifi. *Mi piace pesce* kuskure ne da ake gane baƙo da shi nan take.

Auna kaɗan da ƙirga kaɗan

*Un po' di* ita ce mafi aminci a duk jerin, domin ba ta sauya siffa kuma tana ɗaukar abin aunawa da jam'i duka: *un po' di riso*, *un po' di pomodori*. Sisiliyanci ya fi Italiyanci wadata a nan. *Tanticchia* ko *n'anticchia* ɗan mitsitsi ne: *dammi tanticchia d'ogghiu*, ba ni ɗan mai. *Un pocu di* daidai yake da *un po' di*. Sai *na pocu di*, mai ban sha'awa domin *na* ta mace ce, *pocu* kuwa siffar namiji. Tana tafiya da jam'i kuma tana nufin adadi mai ɗan dama: *vinniru na pocu di cristiani*, mutane da ɗan yawa sun zo. A lura, *cristianu* a bakin Basisile mutum yake nufi, kowane ne shi, ba maganar addini yake ba.

A wajen mai awo ma ba a bukatar ko ɗaya. Ana faɗin nauyi: *un etto* giram 100 ne, *due etti di formaggio* giram 200 na cuku, *mezzo chilo di sarde*, *un chilo e mezzo di patate*. Wanda ya ce *vorrei del formaggio* za a fahimce shi, amma tambayar da za ta biyo baya ita ce nawa, don haka bai rage wa kansa komai ba.

*Qualche* da *alcuni* ma'anarsu kusan ɗaya, nahawunsu ya saɓa. *Qualche* tana ɗaukar tilo ko da yake jam'i ake nufi: *qualche giorno* 'yan kwanaki, kuma aikatau ma tilo yake zama, *qualche amico è venuto*. *Qualche giorni* shi ne kuskuren da masu koyo suka fi yi. Ba ta shiga abin aunawa, ba a cewa *qualche latte*. *Alcuni* da *alcune* jam'i suke ɗauka, sun fi dacewa da rubutu, kuma su ne mafita bayan kalmomi irin *con* da *a* da *in*. Ana jin *con degli amici* kullum a magana, amma tsofaffin masu nahawu sun daɗe suna ƙyamarta a kan cewa aron Faransanci ce, kuma *in dei* har yau tana da nauyi a kunne. *Con alcuni amici* ba ta da abokin faɗa. Sisiliyanci yana da *quarchi*, a wasu garuruwa *cocchi*, da dokar tilo iri ɗaya: *quarchi jornu*.

Lambobi ma suna wannan aiki. *Facciamo due passi* ba taku biyu ba ne, ɗan tattaki ne. *Due spaghetti* ɗan abinci ne. *Quattro chiacchiere* 'yar hira. Wanda ya saba gaida mutum da "kwana biyu" bayan wata shida ba zai sha wahalar wannan ba.

*Certi*, wadda ita ma "wasu" take nufi, tana bukatar hattara. A kudancin Italiya ana jin ta inda ɗan arewa zai sa *dei*: *c'erano certi ragazzi che ti cercavano*, a Sisiliyance *certi picciotti* a Palermo, *certi carusi* a Catania. Amma a Italiyanci baki ɗaya kalmar tana ɗauke da launi. *Certa gente* raini ne, kamar a ce "wasu mutane dai". *Ho visto certi pesci!* mamaki ne na girma ko kyau. *Un certo Rossi* na nufin wani wai shi Rossi. Mai koyo ya gane ta idan ya ji, amma kada ya sa ta a wasiƙar neman aiki a madadin *alcuni*.

Abin da "wani" ke yi, su ba su da shi

Hausa tana raba abu biyu da kalma guda. "Ina neman likita" kowane likita ne. "Ina neman wani likita" mutum ne takamaimai da mai magana ya sani, mai saurare bai sani ba. *Un* ba ta raba su. Daidaitaccen Italiyanci yana kai bambancin cikin aikatau na jimlar da ke biye: *cerco un medico che parla francese* akwai shi, na san shi, *cerco un medico che parli francese* kowanne, in dai yana jin Faransanci. Wasali ɗaya ne, *parla* da *parli*. Sisiliyanci ya yar da wannan siffa ta *parli* a lokacin yanzu, saboda haka *cercu un mèdicu ca parra francisi* tana ɗaukar ma'ana biyun, kuma Italiyancin yankin yakan bi sahu da *parla* a duka. A magana ba a rasa komai, yanayi yana warwarewa. A jarrabawar rubutu ta matakin sama ana duba shi.

Sisiliyanci yana da tasa alamar da Italiyancin makaranta ba shi da ita: *a* a gaban karɓau idan mutum ne sananne. *Vitti a Maria*, na ga Maria. *Chiama a tò frati*, kira ɗan'uwanka. Idan mutumin kowanne ne, *a* takan faɗi, shi ya sa babu ita a *cercu un mèdicu*. Amma tana zama a gaban "ba kowa": *nun vitti a nuddu*. Wannan *a* ta ratsa cikin Italiyancin tsibirin gaba ɗaya, har masu ilimi suna cewa *ho visto a Maria* da *non ho visto a nessuno* a hira. Baƙo yana ɗaukarta ba tare da ya sani ba, domin ita yake ji safe da yamma, kuma ita ce abu na farko da mai gyaran jarrabawa zai soke.

Sai aikin kunne. Ƙananan kalmomin Sisiliyanci sun yi kama da juna ƙwarai. *U cani* karen ne, *un cani* ko *'n cani* wani kare. Bambancin ɗan sautin hanci ne. *A casa* gidan, *na casa* wani gida. A Palermo *nun* ta korewa takan gajarce ta koma *un*, don haka *un ci nn'è* na nufin babu, ba "ɗaya" ba. Dabarar ita ce a duba abin da ke biye: in suna ne, mafayyaci ce, in aikatau ne ko ƙaramin wakilin suna, korewa ce. Wanda ya yi makaranta da Faransanci kuma zai ji *du pani* ya ɗauka ya gamu da *du pain*. Ba ita ba ce. *Du'* biyu ne, *dû* na nufin "na burodin", *ddu* mai nauyin harshe kuwa "wancan". Duk wannan game da Sisiliyancin gama-gari ne. Garuruwa irin San Fratello, Nicosia, Sperlinga da Piazza Armerina suna da karin da ya samo asali daga baƙin arewacin Italiya da suka zauna can zamanin Normawa, mutanen arewacin Faransa da suka taɓa mulkin tsibirin, Piana degli Albanesi kuma Albaniyanci ake yi.

Wa zai ɗauki wanne

Ya danganta da harshen bokon da mutum ya zo da shi. Ɗan Nijar ko Kamaru ko Chadi da ya yi Faransanci ya saba da cewa *du, de la, des* wajibi ne, domin a can ba a cewa *je mange pain*. Zai zuba *del* da *dei* a kowace jimla. Nahawu bai hana ba, amma a Sisiliya maganarsa za ta yi kama da karatun takarda, kuma a korewa zai faɗa rami biyu: ko dai *degli* mai juya ma'ana, ko ya kwafo *pas de viande* ya ce *non mangio di carne*, wadda ba daidaitaccen Italiyanci ba ce. Ana iya cewa *di carne non ne mangio* idan an gabatar da sunan don jaddadawa, wannan daidai ne, amma gini ne dabam. Aikinsa shi ne ragewa. Ɗan Najeriya ko Gana matsalarsa akasin haka ce: zai bar suna tsurara har inda ba a bari, a farkon jimla da bayan *mi piace*. Shi aikinsa ƙara *il* da *alcuni*.

Dukansu suna tarayya a mantuwa ɗaya, ita ce *ne*. Hausa tana cewa "ina son biyu" ta tsaya. Italiyanci yana bukatar ƙaramar kalma da za ta tsaya a madadin sunan da aka ɗauke: *ne voglio due* ina son biyu, *non ne ho* ba ni da shi, *ce ne sono tre* akwai uku. Sisiliyanci ma haka, *nni vogghiu dui*, *nn'haiu*. Nan harsunan biyu ba su saɓa ba, don haka duk lokacin da aka kashe a kanta riba biyu ne, kuma ta fi cancantar hadda a kan jerin bakwai ɗin.

Wanda zai zauna a tsibirin yana aikin gona, gini, kasuwa ko kula da tsofaffi zai iya shekara bai furta *dello* ba, kuma babu wanda zai lura. Mai kula da tsofaffi musamman ya fi bukatar *tanticchia*, *nenti* (ba komai), *nuddu* da *quarchi cosa* (wani abu), domin dattijon da ke kwance da harshen gida yake neman ruwa. Wanda ke shirin wucewa Emilia ko Lombardiya zai ji *del* da *dei* sun ƙaru a bakin mutane, sai ya fara saka su a inda ake nufin ɗan adadi, kamar *ho portato dei dolci*, na kawo ɗan kayan zaƙi. Can kuma *a* ta gaban suna za ta sa a gane daga kudu ya koyi harshen.

Mai neman takarda ba shi da zaɓi sosai. Izinin zama na dogon lokaci yana bukatar shaidar iya Italiyanci ta matakin A2, zama ɗan ƙasa ta hanyar aure ko daɗewa kuma yana bukatar B1 tun ƙarshen 2018. Jarrabawar CILS ta jami'ar baƙi ta Siena, CELI ta Perugia da PLIDA ta ƙungiyar Dante Alighieri duk daidaitaccen harshe suke aunawa, kuma cibiyoyin karatun manya na CPIA shi suke koyarwa. Idan aka ba da gurbin cikewa a gaban suna, ana son siffar da ta dace da sautin farko: *dello* da *degli* a gaban *z* da *s* da harafin baƙi ke biye da ita, *degli* kuma a gaban wasali a jam'in namiji, *dell'* a gaban wasali a tilo. *Dei studenti* da *dei amici* su ne inda maki ke zubewa. A sashen rubutun kai kuwa babu mai tilasta su: *alcuni studenti* ta biya bukata, kuma kafin miƙa takarda ya kamata a bi kowane aikatau a duba ko wata *a* ta Palermo ta maƙale a gaban sunan mutum.